Iska ta yaye mana rufin ɗakin taro: ku da kuka taɓa sake gina naku, ya kuka tara kuɗin?

Sakataren ƙungiya, arewacin Katsina:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗakin taron garinmu, wanda iyayenmu suka gina da aikin gayya, iskar farkon damina ta yaye masa rufi, bangon gabas kuma ya tsage har ƙasa. Nan mata ke karatun yaƙi da jahilci, nan ake rigakafi, nan ake sasanta manoma da makiyaya. Ba wanda ake biya a cikinmu, mai shara ma sa kai ne. Dattawa sun ce a kira gidauniya a gayyato manya. Kafin mu buga kati, ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa yi.

Ma'aji, yankin Haɗejiya:
Wa alaikumus salam Malam Sakatare, Allah Ya kiyaye gaba. Namu ambaliyar 2022 ce ta ci shi. Kun san kogin Haɗejiya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, da ya cika sai ya nemi gari. Ginin ƙasa ne mai filasta, ruwa ya kwana a gindinsa, sai ya zauna.

Mun yi gidauniyar. Hayar rumfa, kujeru, lasifika, abincin baƙi, har da maroƙi. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, wakili ya aiko. Wakilin ya karɓi makirfo ya faɗi wani adadi mai nauyi, mata suka rangaɗa guɗa. Har yau da nake wannan rubutu ko sisi ba mu gani ba. Abin da ya shigo hannu ranar, da ƙyar ya haura kuɗin rumfa da shinkafa. Abin da ya fi ƙona min rai, duk gari ya ji adadin ta lasifika, sai aka ɗauka kuɗin suna wurina. Na ɗinka sabuwar riga ta sallah, wani ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Ma'aji, ɗakin taro ya yi maka kyau." In za ku yi, kada a sanar da alkawari sai abin da aka ƙirga a gaban jama'a.

Birkila, Zariya:
Ranka ya daɗe Ma'aji, haƙuri. Ni maganar kaya zan yi. Kada ku tara kuɗi ku ce sai sun cika. A 2022 buhun siminti naira 4,000 da ɗoriya ne. A Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Wata ƙungiya da na yi wa aiki ta ajiye kuɗin da zai kai gini linta, da suka tashi farawa ko taga bai kai ba.

Kuɗi na shigowa ku sayi rodi da kwano ku kai gidan mai unguwa. Siminti kam ba ya ajiyuwa, danshi ya taɓa shi ya daskare, don haka a buga bulo nan take a riƙa ba shi ruwa. Sannan Malam Sakatare, ba mamaki da bangon gabas ne ya tsage, ta nan hadari ke zuwa mana. Wannan karon a bar ƙarfe ya leƙo daga cikin kankaren sama a ɗaure katakon rufi da shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe iskar watan Mayu.

Shugabar mata, Kebbi:
Ƙanena, ku je wurin mata tun da wuri. Mu a lokacin kaka muka bi gida-gida, kowace mace kwano ɗaya na shinkafa shanshera, mai hali ta ba da biyu. Muka adana sai da ta yi tsada muka sayar, shi ya sayi ƙofofi da tagogi. Ruwan kwaɓa kuwa 'yan matanmu ne suka ɗebo shi kaf. Amma ranar buɗewa ko kujera ba a ware mana ba, makulli kuma aka damƙa wa shugaban matasa, har sai mun roƙa kafin mu yi taron adashi a ciki. Ku rubuta tun yanzu wa zai riƙe makulli.

Dattijo, jihar Maraɗi:
A nan Nijar zamanin Seyni Kountché ƙungiyar samari ta samariya ke irin wannan aiki, a buga ganga da safe kowa ya fito da cebur. Yanzu samarin suna ci-rani, wasu Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Muka buɗe musu zaure a WhatsApp, duk wanda ya aiko a sa sunansa, duk buhun da aka saya a ɗauki hoton rasit. Da suka ga hoton bango yana tashi, waɗanda suka yi shiru ma suka fara aikowa, don ba mai so a ce ɗan gidan wane ya fi shi.

Ma'aji:
Baba ya tuna min. Kuɗin kada su shiga asusun mutum ɗaya. In kuna son asusun banki da sunan ƙungiya, za a nemi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma sai an buga sanarwa a jarida an jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ku fara yanzu, ku sa mutum uku masu sa hannu.

Sakataren ƙungiya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Dattawa ba za su yarda a fasa gidauniyar ba, amma zan nemi a yi ta a filin makaranta ba hayar rumfa. Yaya Birkila, bangon da ya tsage ɗin, a rushe shi duka ko ana iya ɗinke shi? Zan turo maka hoto bayan la'asar.

Birkila:
Turo. Ka ɗauko min har gindin, ka tona kaɗan in ga harsashin.