Yankees sun faɗi a gidansu, ku fito mu yi ta da baiti

Ɗan Worcester:
Salamu alaikum jama'a. Wlh daren jiya Laraba 30 ga Oktoba ban runtsa ba don murna, Dodgers na Los Anjalas sun gama da Yankees 7 da 6 a tsakiyar Bronx, unguwarsu a New York, gaban mutanensu, sun ɗauke kofin besbol na 2024 wasa 4 da 1. Ni ɗan Red Sox na Boston ne kowa ya sani, kuma tun watan Afrilu mutanen Bronx ke cika mana kunne, to yau ranata ce. Doka ɗaya, duk mai amsa ya amsa da waƙa, ban da zagi.

Mutanen Bronx ku zo ku ji labari,
Biyar da nema kuka ja tun da fari,
Judge ya buga ta haye katanga kuna ta kirari,
Kun ɗaure kaya za ku wasa na shida.

Zagaye na biyar ya zo da mamaki,
Edman ya ɗaga ƙwallo, kamunta da sauƙi,
Ta sauka hannun Judge, kyaftin mai aiki,
Ta zame ta faɗi ƙasa a filin gida.

Volpe ya jefa tasha ta uku a karkace,
Chisholm ya kai hannu, ƙwallo ta kuɓuce,
Tashoshi suka cika, kowa ya rikice,
Ba ku fitar da kowa ba, ko mutum guda.

Cole ya fitar da biyu har da Ohtani,
Saura ɗaya ku tsira, kowa ya gani,
Betts ya mirgina wa Rizzo, ya Rabbani,
Cole bai ruga tasha ba, ƙafa ta ƙi yarda.

Freeman ya kawo biyu, Teoscar ya ƙara,
Biyar da biyar, Bronx ta daina ƙara,
Ni ko a falo na miƙe na fara
Tsalle da ihu, uwargida na rangaɗa guɗa.

Baban Bronx:
Wa alaikumus salam ƙanena. Daga gidana da ƙafa nake zuwa filin nan na titin 161, jiya na ga manyan mutane suna hawa jirgin ƙasa mai lamba 4 idonsu jawur ba mai ce wa wani uffan. Ciwon na nan bai tafi ba, amma ba zan bar ka ka sha da daɗi ba.

Ƙanena kana rawa da kofin wasu,
Ku da ko ƙofar gasar bana ba ku leƙa ba.
81 kuka ci, 81 aka ci ku,
Tun Satumba kuka naɗe kaya, ba ku ga Oktoba ba.
Mu mun sallami Kansas City, mun sallami Cleveland,
Bugun Soto a zagaye na goma, na san ba ka manta ba.
Kofi 27 na ajiye a Bronx,
Ku 9 gare ku, ko rabinmu ba ku kai ba.
Judge da kake wa dariya 58 ya aika waje bana,
Kuskurensa na farko ke nan a shekara, ba zai shafe aikinsa ba.
Cole ne ya ƙona mini rai, wannan kam gaskiya ce,
Taku kaɗan ne zuwa tashar farko, bai taka ba.
Amma jifa sama da ɗari ya yi a daren nan,
Kuma maki biyar ɗin ba a rubuta su a kansa ba.

Hajiyar Queens:
Baba ina wuni, ya haƙuri. Ni Mets, ɗaya ƙungiyar New York da ke Queens, ce tawa har abada, ban so in sa baki ba amma tunda ka fara ƙirga kofunan zamanin kakanni dole in yi magana.

Baba sannu da jimami, ina miƙo gaisuwa,
Mu ma Dodgers ɗin nan ne suka hana mu wucewa.
Amma wasa biyu muka ƙwata kafin mu sauka,
Ku guda ɗaya tak, shi ne duk abin nunawa.
Tun daren farko Boone kocinku ya jawo muku,
Cortes ya fi wata yana jinya ba ya jefawa.
Zagaye na goma, tashoshi cike, ga Freeman tsaye,
Jifa ɗaya ya yi masa, ta tafi ba dawowa.
Da ciwon idon sawu fa bawan Allah ke ɗingishi,
Wasa huɗu a jere yana haye katanga ba fasawa.
Sai abin kunyar wasa na huɗu, Baba,
'Yan kallo biyu sun kama hannun Betts suna murɗewa.
Ƙwallon cikin safarsa suke son ɓamɓaro wa,
Aka fitar da su waje duniya na tsinewa.
Soto kuma kwangilarsa ta ƙare jiya da dare,
Cohen mai Mets ɗinmu na da kuɗi, kuma Queens ba nisan zuwa.

Bakano a gida:
Yayyena ku yi haƙuri ni ƙwallon ƙafa na sani, amma waƙar ta ja ni.

Tasha ta mene ce, zagaye kuma nawa?
Ku ɗan haska mini in ji daɗin bin muhawara.

Hajiyar Queens:
Ƙanena zagaye tara ne, tasha huɗu har da gida,
Ka buga ka ruga, in ka kewayo ka ci maki guda.
A fitar da mutum uku, ɓangare ya sauka,
Shi ya sa sakacin Cole ya zama abin faɗa.
Da ya taka tashar nan Betts ne na uku,
Da an tashi biyar da nema, ba ko guda.

Ɗan Maraɗi a Harlem:
Hajiya maganar mutum biyun nan na yarda da ke ɗari bisa ɗari, sun ba mu kunya kuma ba da yawunmu suka yi ba. Amma ni da Ɗan Worcester nake, yaya ka tsaya ka ji wa ya kashe mu jiya, don ka san shi sarai.

Yaya kana ta tsalle kana ta sowa,
Wa ya kawo makin ƙarshe na rufewa?
Betts ne, ɗanku da kuka yi wa sallama,
A 2020 kuka miƙa shi ba ko waiwayawa.
Gwarzon shekara ne a 2018,
Ya ɗauko muku kofi, kuka ƙi biyawa.
Yau zobensa uku, biyu daga Los Anjalas,
Ku kuna gida a kujera kuna tafawa.
Halinku ne tun 1919,
Babe Ruth kuka sayar mana kuna dariyar rabuwa.
Shekara 86 kuka yi ba kofi,
Kaka ya mutu, jika ya tsufa yana jirawa.

Ɗan Worcester:
Kai ɗan uwa ka taɓa ni inda ke ciwo. Maganar Betts har yau in na tuna raina ɓaci yake, yaron da muka gani tun yana sabon shiga a Fenway filinmu, ba abin da bai iya ba, bugu, gudu, kamu, kuma ga ladabi, a ce wai kuɗi ne ya raba mu da shi. Jiya da na ga yana murna cikin shuɗin kayan Dodgers sai da hawaye ya zo mini. Amma ai ba a nan labarin ya tsaya ba.

Betts ya tafi, zuciyata ba ta huce ba,
Wanda ya sa hannu a cinikin ban yafe ba,
Amma wanda aka ba mu a madadinsa, ba ka faɗa ba,
Verdugo ne, kuma a hannunku ya kwana.

Buehler ya hau tudu a zagaye na tara,
Kwana ɗaya ya huta, ya ce shi zai ƙara,
Verdugo ya kai sanda, iska ya sara,
Da shi aka rufe littafinku na bana.

Sannan dubi mai horar da Dodgers da kyau,
Dave Roberts ne, ba baƙonku ba ne yau,
2004 kun ci uku kuna jin kun hau,
Ya saci tasha ta biyu Rivera na kallo, ka tuna.

Mueller ya kawo shi gida aka yi kunnen doki,
Ortiz a zagaye na 12 ya gama aiki,
Huɗu a jere muka ci, ku ka rasa mataki,
10 da 3 a tsohon filinku muka tashi da rana... a'a da dare ne, amma ni rana ce a wajena.

Daga 2004 mu kofi huɗu, ku ɗaya a 2009,
Shekara 20 cif Roberts ya sake dawo muku, Baba sai haƙuri.

Malamin Los Anjalas:
Ku yi ta faɗanku, mu kofi na hannu. Ni abin da ya fi taɓa ni Fernando Valenzuela ne, tsohon mai jifanmu da ya rasu 22 ga Oktoba, kwana uku kafin a fara, shi da ya taimaka muka doke Yankees ɗin nan a 1981.

Lambarsa 34 muka ɗinka a riga,
Don Fernando yaran nan suka shiga,
Gobe Juma'a gari zai fito ya daga,
Ranar haihuwarsa ce za mu zaga da kofi.

Baban Bronx:
Malam barka, kun fi mu iya wasa kuma kun cancanta, ba ni da ta cewa a nan. Ƙanena na Worcester, 2004 ina cikin garin nan kuma har gobe ba na son jin sunan Roberts. Hajiya ke kuma ki cire idonki daga kan yaronmu Soto.

Steinbrenner mai Yankees ka buɗe jaka ka ji kukana,
Soto shekararsa 26, kar ka bari ya bar unguwana.
Boone ka tara yaran nan tun watan Fabrairu a Tampa,
A koya musu kamu da jifa da tsaron tasha da rana.
Bugu muna da shi, Stanton ya nuna a Oktoba,
Sakaci ne ya kashe mu, shi nake so a magance bana.
Ɗan Worcester ka ajiye baitinka kar ka goge,
Ran da Boston ta shigo Bronx zan nemo ka da kaina.

Hajiyar Queens:
Baba ka roƙi Steinbrenner da kyau,
Ni dai na riga na share wa Soto wuri tun yau.