Miki ya fara fitowa a bayan Baba, yaya ake jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a gida?

Autar Baba:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan asibiti da waɗanda suka taɓa irin wannan jinyar, ku taimaka min da shawara.

Mahaifinmu shekarunsa 71, tela ne, ya fi shekara 40 a kan keke. Hawan jini ya daɗe da shi, suga kuma shekara 6 ke nan da aka gano. Magani sai ya ga dama yake sha, in an yi magana ya ce shi ƙalau yake. Wata biyu da suka wuce ya fito alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Ba mu kai shi asibiti ba sai bayan azahar, an tsaya ana ta tofi da hayaƙi, don Gwaggo ta rantse iska ce ta buge shi. Kwanansa 12 a kwance aka sallame mu. Ɓarin dama ne ya shanye, hannu da ƙafa. Yana gane kowa, yana jin abin da ake faɗa, amma in ban da "to" da "Allah" ba abin da yake iya furtawa.

Shekaranjiya ina taya Umma canja zanin gado sai na ga ƙasan bayansa, daidai saman mazaunai, ya saɓule, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, yana ɗan tsatso da ruwa. Diddigensa na dama ma ya yi duhu. Mai kemis ɗin layinmu ya ce a fasa kafso a barbaɗa, Gwaggo ta ce a gasa da ruwan zafi a shafa man shanu. Mun yi na kemis kwana biyu, ban ga canji ba.

Sai maganar ruwa. Da an ba shi sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi jawur, amma kunu da tuwo mai laushi suna wucewa lafiya. Umma har ta fara rage masa ruwan, ga tsoro ga yawan jiƙa shimfiɗa.

Mu 7 ne a wajensa, amma gaskiya jinyar ni da Umma ce, ni kuma ina koyarwa da safe. Yayyena maza ba su rage mu da komai ba ta fannin kuɗi, sai dai leƙowa suke bayan magariba, su yi sannu su wuce.

Sista mai ritaya:

Wa alaikumus salam. Sannu da jinya 'yata, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Na shekara 30 da ɗoriya ina aikin jinya, rabinsu a ɗakin maza, kuma irin mikin nan na ga ya kashe mutanen da shanyewar kanta ba ta kashe ba. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, naku yanzu ya fara, ana iya shawo kansa.

Ki fara gane abin da ya kawo shi. Ni da ke muna juyi cikin barci ba tare da mun sani ba. Baba ba zai iya ba. Nauyin jikinsa sai ya danne naman da ke tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa. 'Yan awanni kaɗan sun isa. Shi ya sa yake fitowa inda ƙashi ya turo: ƙasan baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya, har kunne. To duk abin da za ku barbaɗa, in dai yana kwance a kan wurin, kamar zuba ruwa ne a kwando. Maganin juyi ne, duk bayan awa 2, dare da rana.

Tunda mikin a baya yake, yanzu dama da hagu kawai za ku riƙa yi, ban da rigingine. Kuma ba a kifa shi gaba ɗaya a kan kwatangwalo, sai a buɗe wani sabon miki a can. A ɗan kishingiɗa shi ne, a tokare bayan da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin sha-raɓa yadda diddige zai zama a iska, bai taɓa katifa ba. Wajen juyawa kada a ja shi a kan shimfiɗa, fata takan yage. Ku ninka zani ku sa ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama su ɗaga. Hannun da ya shanye kuwa kada kowa ya kuskura ya tayar da shi ta nan, kafaɗar takan goce daga gurbinta, ciwon ya zauna masa wata da watanni. In za a sa riga a fara da hannun mara lafiya, in za a cire a fara da mai lafiya.

Kafso ku bari. Ruwan zafi ma ku ba Gwaggo haƙuri, ɓarin nan mai yiwuwa ba ya jin zafi sosai, ga suga, na sha karɓar mutane da ƙuna ta wannan hanyar. Ku sayi ruwan nomal salin, irin na ƙarin ruwa, da gozi, wato ƙyallen rufe miki, mai tsafta. Ki wanke hannu, ki sa safar hannu, ki wanke mikin a hankali, ki rufe. Ban da sifirit, ban da Dettol, ban da haidurojin, suna cinye sabon naman da ke tsirowa. Wurin da ya yi duhu a diddige kada a murza shi, ɗauke masa nauyi kawai za a yi. Littattafan da muka karanta ja suke cewa a duba, amma a baƙar fata ja ba ya nunawa. Abin da za ki nema kullum wajen wanka shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko ɗumi, ko tauri.

Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kada ta taɓa fatarsa, a zafin garin nan dafa mutum take yi. A ɗora zanin auduga a kai, a miƙar da shi sumul, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci. In ya jiƙe a canja nan take, a goge, a busar, a shafa basilin ko man kaɗanya a lafiyayyar fatar da ke kewaye.

Cikin satin nan lallai ma'aikacin lafiya ya ga mikin da idonsa, saboda mai suga ba a yi masa jira. In kuwa kin ji wari, ko kin ga mugunya, ko wurin ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya zo, a ranar za ku tafi.

Ƙwarewar nan ta fi mikin tayar min da hankali. Ruwa gudu gare shi, maƙogwaron da ya yi rauni ba ya rufe hanyar iska da wuri, sai ya faɗa huhu, daga nan sai nimoniya. Abu mai kauri a hankali yake tafiya, shi ya sa kunu ke wucewa. Kada a ba shi komai a kwance, kada a ɗura masa da buta ko kofi kai a ɗage. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali ta ɓarin hagu, sai ya haɗiye a ƙara. In an gama ki duba kumatun dama, abinci kan maƙale a can, ki wanke masa baki, ya zauna minti 30 kafin ya kwanta. Ki ce wa Umma ta daina rage ruwa, hakan kan jawo taurin bayan gida da ciwon mafitsara. A riƙa ba shi koko ko kunu mai ɗan kauri ba suga, kaɗan-kaɗan cikin yini. Ku gaya wa likitansa a gwada haɗiyarsa, in ya ce a sa robar abinci ta hanci na wani lokaci kada ku ƙi. Mutanenmu suna ganin robar nan alamar mutuwa ce, alhali da yawa an cire musu sun koma cin tuwo.

Ɗan Kurna:

Allah ya ƙara sauƙi 'yar uwa. Abin da Sista ta faɗa babu ragi, ni wajen yayyenki zan tsaya. Juyi duk awa 2 sau 12 ke nan a yini, kuma mutum biyu yake so. Ke da tsohuwa ba za ku iya ba, sai ku ma a kwantar da ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na yi jinyar Alhajinmu wata 14. Da farko mu ma haka muke, a tura kuɗi a ce an yi, har ranar da na shiga na tarar da ƙanwata tana ƙoƙarin yi masa tsarki, ya kawar da kai yana hawaye. Magana ba ya yi, amma kunyarsa tana nan daram. Daga ranar muka raba kwana, mu maza huɗu, kowa da darensa. Muka manna takarda a bango, duk wanda ya juya shi ya rubuta lokaci da ɓarin da ya kwantar da shi. Da rana mun ɗaura abin a kan lokutan salla, sai hantsi da tsakar rana, da dare kuma waya ce ke tashin mai kwana. Mun sayi katifar iska mai aiki da lantarki, ta taimaka, amma da an ɗauke wuta sai ta sace, don haka kada wani ya ce ya sayo katifa ya huta da juyi.

Ki kula da suga kuma. Wata rana Alhaji ya ƙi cin abinci, muka dai ba shi ƙwayar maganin sugansa, Daonil, yadda aka saba. Kafin la'asar gumi ya rufe shi, jiki ya saki, har an fara karanta Yasin. Maƙwabciyarmu nas ta zo ta gwada, ashe suga ne ya faɗi warwas. Ita ta koya mana cewa ƙasa da 70, ko 3.9 a wasu injinan, faɗuwa ce. In yana iya haɗiya a ba shi suga kamar cokalin shayi 3, a sake gwadawa bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, asibiti za a nufa.

Mai Zuma:

Ku gwada zuma farar saƙa a kan mikin, mujarrabi ce. Kuma kada a bar addu'a.

Autar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sista, magungunansa amlodipine ne na hawan jini da metformin na suga da ƙaramin asfirin. Ƙafarsa na ɗan kumbura, ko na ƙoda ne? Kuma me za mu riƙa ba shi? Umma ta cire gishiri gaba ɗaya, shi kuma ya daina cin abincin. Wani abin da ke karya min zuciya, da an kira salla sai ya fara kuka.

Sista mai ritaya:

Kumburin idon sawu amlodipine kan jawo shi, rashin motsi ma haka, amma ki nuna wa likita. In ƙafa ɗaya ce tak ta kumbura, ga zafi ga ciwo, kada a matsa ta, a tafi da wuri, jini kan daskare a jijiyar wanda ya daɗe a kwance. Kada ku tsayar da kowane magani da kanku. Metformin shi kaɗai bai cika kayar da suga ba kamar wanda Ɗan Kurna ya ambata, amma a riƙa gwadawa ana rubutawa.

Gishiri ragewa ake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a yini, wajen cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Dunƙulen da kanwa su ne ɓarayin, a rage su a ƙara daddawa da albasa da citta. Miki ba ya cikewa sai da abinci mai gina jiki: ƙwai, alale, kifin da aka cire wa ƙaya, faten wake da aka dama ya yi laushi, nono ba suga. Zuma gaskiya ana wankin miki da ita har a asibiti, amma sai an ga irin mikin, kuma ta kasuwa sau da yawa suga ce aka dafa.

Kukan nan ki faɗa wa likita shi ma, ƙuncin zuciya yana yawan biyo bayan wannan ciwo kuma yana da magani. Sallar kuwa ai ba ta faɗi a kansa ba. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. A yi masa alwala ko taimama, a fuskantar da shi gabas. Ku fara zaunar da shi a kujera kullum ko na ɗan lokaci ne, kuma ku nemi sashen gashin ƙashi, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dala. Watannin farkon nan su ne jiki ya fi karɓar motsa gaɓɓai.

Autar Baba:

Na karanta wa Yaya Babba saƙon Ɗan Kurna ta waya, ya yi shiru ya kashe. Na ɗauka fushi ya yi. Wajen ƙarfe 10 na dare sai ga shi da tabarma da filo biyu sababbi. Shi ya kwana, na ji wayarsa ta yi ƙara sau uku. Da asuba ya yi wa Baba taimama ya zaunar da shi, suka yi salla tare. Gobe nas za ta zo duba mikin. Gwaggo dai har yanzu ba ta yi min magana ba kan ruwan zafin. Sista, gozin nan sau nawa ake canjawa a rana?