Ƙirar kayan asibiti da ƙirƙirarriyar basira: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsamo daga bayanan da jama'a suka yi a tattaunawa kan yadda ya kamata a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen ƙirar kayan asibiti.

1. Kusan kowa ya yarda injiniya ya fara zama da likitoci da ma'aikatan jinya kafin ya zana komai. An kawo misalin manhajar Google mai duba idon masu ciwon suga. A gwaji ta yi kyau, amma a asibitocin Thailand ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin ɗari na hotunan da aka ɗauka, galibi saboda yanayin hasken ɗakunan, ga intanet na tafiyar hawainiya, majinyata na zaune suna jira. Wannan ya tsaya mini a rai.

2. A binciki bayanan da aka horar da na'ura da su. A 2019 an gano wata manhaja a Amurka tana auna tsananin ciwo da kuɗin da aka kashe wa majinyaci, sai ta tauye baƙaƙen fata.

3. Hukunci ya zauna a hannun likita. Babu wanda ya musa.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce na'ura tana buɗe wa mai ƙira dabaru barkatai, wasu sun ce tana ɗaure shi ga misalin farko da ta nuna masa. Ni ina tare da masu cewa ya fara zana nasa a takarda, sannan ya tambaye ta.