Fairport Convention: Raya Gado Suke Yi Ko Cin Tsohon Suna?

Kawu Mai Garmaho: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare jikana ya kunna mini kundin By Popular Request na Fairport Convention, ƙungiyar mawaƙan Ingila mai haɗa waƙoƙin gargajiya da kayan kiɗan lantarki, wanda suka fitar a 2012 da ƙungiyar ta cika shekara 45. Ga wanda bai san shi ba, masoyansu suka sa suka zaɓo waƙoƙin da suka fi so, su kuma suka shiga situdiyo suka sake rera su. Na saurara tun daga farko har ƙarshe, kuma ga abin da na gani: duk ƙungiyar da ta kai ga tambayar jama'a wace tsohuwar waƙa za ta maimaita, rijiyarta ta ƙafe. Ina ɗalibi a Birmingham a farkon shekarun 1970 na sayi faifansu na 1969, Liege & Lief, yana nan cikin akwatina har yau. Mutum shida suka yi wannan aiki: Sandy Denny, Richard Thompson, Ashley Hutchings, Simon Nicol, Dave Swarbrick da Dave Mattacks. A cikin masu kundin 2012, Nicol ne kaɗai daga cikinsu. Suna ne ya rage, Fairport kam ta tafi da mutanenta.

Ɗan Jita: Wa'alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ban yarda da maganar ƙafewar rijiya ba. A 2011 sun fitar da Festival Bell, a 2015 Myths and Heroes, a 2020 Shuffle and Go, duk da sababbin waƙoƙi a ciki. Wanda ruwansa ya ƙare ba ya ci gaba da jefa guga.

Kawu Mai Garmaho: Ɗana, jefa guga daban, fito da ruwa daban. Faɗa mini waƙa ɗaya daga cikin waɗannan kundaye uku da mutanen Ingila ke rerawa da ka.

Malamin Adabi: Kawu, a ba ni dama in shigo ta wata ƙofa. Shi kansa Liege & Lief ɗin da muke ɗauka a matsayin asali, mene ne in ba komawa ga tsoffin waƙoƙi ba? Ɗauki waƙar Matty Groves da ke cikinsa. Labarin matar wani basarake ne da ta ja wani saurayi zuwa ɗakinta, bawan gidan ya kai tsegumi, maigidan ya dawo ya kashe su duka biyu. Tun ƙarni na 17 ake buga wannan waƙa a takarda, kuma ita ce ta 81 cikin waƙoƙi 305 da wani malamin jami'ar Harvard, Francis James Child, ya tattara a ƙarni na 19. Tam Lin kuwa, wadda ta fito daga kan iyakar Sikotland da Ingila, ita ce ta 39. Ashley Hutchings zuwa ya riƙa yi ɗakin karatu na Cecil Sharp House da ke Landan yana tono waɗannan baitoci daga tsoffin littattafai. Karin da suka ɗora wa Matty Groves ma daga wata waƙar gargajiya ta Amurka suka aro shi. Abin da suka ƙara shi ne jitar lantarki, ganga, da gogen Swarbrick da aka jona wa lasifika, kuma a lokacin akwai 'yan gargajiya da ba su ji daɗin hakan ba. To Kawu, in har yaran 1969 suna da izinin taɓa waƙar da ta girme su da shekara ɗari uku, me zai hana dattijan 2012 su taɓa wadda ta shekara arba'in da 'yan kai?

Kawu Mai Garmaho: Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka tsallake abin da ya haifi faifan. Ranar 12 ga Mayu 1969 suna dawowa daga wasa a Birmingham motarsu ta yi hatsari a babbar hanyar M1. Makaɗin gangarsu Martin Lamble ya rasu yana da shekara 19, haka ma Jeannie Franklyn, budurwar Thompson. Saura kaɗan ƙungiyar ta watse. Da suka murmure sai suka kama wani gida a ƙauyen Farley Chamberlayne a Hampshire, suka killace kansu, suka juya baya ga salon da suke yi tare da mamacin. A nan aka dafa Liege & Lief, ya fito a watan Disamba, kundi na uku da suka fitar a shekara guda. Yara ne masu ɗanyen ciwo a zuci suka je neman mafaka a waƙoƙin kakanninsu, kuma kana jin wannan ciwon a muryar Sandy Denny. Wannan ba abin da ake sake dafawa ba ne don an kaɗa ƙuri'a. Su Hutchings sun ɗauko abin da aka manta suka hura masa rai. Na 2012 kuwa abin da kowa ke riƙe da shi suka ɗauko suka sake masa fenti.

Maman Biyu: Ni dai bin ku nake a hankali don ban san su sosai ba. Tambayata ita ce, ba kuɗi ba ne kawai? Tsufa ya zo, ga iyali.

Ɗan Jita: Anti, akwai kuɗi a ciki kuma ban ga aibu ba. Kamfanin Island ne ya fitar da yawancin faya-fayansu na farko, na 2012 kuwa a ƙarƙashin nasu kamfanin, Matty Grooves, ya fito. Mutum ya shekara arba'in yana rera waƙa a kan dandamali kowane dare, ya so ya samu nasa ɗaukar da zai sayar a bakin ƙofa bayan wasa, ina laifi? Sannan Kawu, ma'aunin da ka kawo na cewa sai da mutanen farko ake Fairport, in muka bi shi ƙungiyar ta mutu tun kana Birmingham. Denny da Hutchings sun fita a ƙarshen 1969. Thompson ya fita a 1971, Nicol ya bi bayansa a ƙarshen shekarar, sai 1976 ya dawo. A tsakanin nan babu ko mutum ɗaya daga waɗanda suka kafa ta a 1967. Dave Pegg da ya gaji Hutchings a jitar bes yana nan tun kundin Full House na 1970. Ric Sanders yana jan goge tun 1985, Chris Leslie tun ƙarshen shekarun 1990. Kowannensu ya ninka zaman Sandy Denny a ƙungiyar sau da yawa. Har yaushe za a daina kiransu baƙi?

Hajiya ta Banbury: Sannunku da muhawara. Kawu, ka yi haƙuri 'yarka za ta saɓa maka, domin ni a kusa da abin nake zaune. Daga inda nake aikin jinya zuwa ƙauyen Cropredy tafiyar 'yan mintuna ce. A nan suka yi wasan bankwana a watan Agusta 1979, lokacin da kunnen Swarbrick ya fara lalacewa saboda ƙarar kayan lantarki. Sai shekara ta zagayo suka sake haɗuwa, daga nan abin ya zama bikin shekara-shekara. Akwai shekarun da ake tara mutum kusan dubu ashirin a fili guda, ƙauyen kuwa ɗan ƙarami ne.

Wata abokiyar aikina ce ta fara jana zuwa wurin. Abin da na gani bai yi kama da cin tsohon suna ba. Kaka da 'yarta da jikarta a kan kujerun naɗi, kowa da bargonsa saboda sanyin dare. Daren Asabar da waƙar Meet on the Ledge ake rufewa. Thompson bai kai shekara ashirin ba ya rubuta ta, kafin hatsarin nan da ka ambata, kuma maganar sake saduwa da abokai take yi. A bakin yaro, waƙar buri ce. Amma ka duba waɗanda aka rasa tun daga lokacin: Lamble, sai Sandy Denny a 1978 tana da shekara 31, sai Swarbrick a 2016, sai Gerry Conway a 2024, wanda shi ya kaɗa ganga a kundin da ka saurara jiya. Ban da na 'yan kallo, don kowa a filin nan yana da wanda suka saba zuwa tare da yanzu babu shi. Abokiyar tawa mijinta ta rasa, kuma tana tsaye gefena tana rerawa hawaye na zuba. Baitocin ba su canja ba, amma nauyin da suke ɗauke da shi yanzu yaran 1969 ba su da shi. Idan Nicol ya buɗe baki da muryarsa ta dattijo, ya fi cancantar wannan waƙar a yau fiye da ranar da aka ɗauke ta.

Maman Biyu: Allah sarki. Hajiya kin sa jikina ya yi sanyi.

Kawu Mai Garmaho: 'Yata, na ji ki, kuma ba zan yi gardama da abin da idonki ya gani ba. Na janye a kan Matty Groves da 'yan uwanta, waɗannan ba su da mai su, Malam ya yi gaskiya. Na janye a kan waƙar rufe taro. Amma akwai inda ba zan motsa ba. A cikin kundin nan akwai Fotheringay. Sandy Denny ce ta rubuta ta da hannunta, a kan Maryamu sarauniyar Sikotland tana tsare a gidan da aka fille mata kai a 1587. Mace ce ke ba da labarin daren ƙarshe na wata mace, da murya kamar ana raɗa a ɗaki mai duhu. A 2012 ƙungiyar maza ce zalla. Ko a wurinmu idan babban makaɗi ya kwanta dama, ɗan amshinsa yakan gaji turu da waƙoƙin gidan, amma akwai waƙar da kowa ya san ta bi mai ita kabari, mai hankali ba ya taɓa ta.

Malamin Adabi: Wannan rabe-raben ya fi maganarka ta farko ƙarfi, Kawu. Sai dai ita Denny ba ta ɗauki waƙoƙinta a matsayin abin da ake kullewa ba. Who Knows Where the Time Goes ta fara ɗaukarta tare da ƙungiyar Strawbs a 1967, mawaƙiyar Amurka Judy Collins ta fitar da tata a 1968, sannan ita Denny ta sake rera ta da Fairport a kundin Unhalfbricking a 1969. Wadda duniya ta fi riƙewa ita ce maimaicin.

Kawu Mai Garmaho: Mai abu ta maimaita abinta tana raye, Malam. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Jita: A nan zan ɗan koma bayan Kawu, duk da ni na fara ja da shi. Na kunna Crazy Man Michael ta 1969 da ta 2012 a jere. Ta biyun ta fi tsabtar sauti, hannuwa sun nuna, babu kuskure ko ɗaya. Amma ta farkon kamar masu tafiya ne a duhu ba su san inda ƙafa za ta sauka ba, kuma wannan fargabar ce ke riƙe mai sauraro. A kan dandamali maimaici yana da rai saboda ga mutane a gabanka, kowane dare da yadda yake zuwa. A situdiyo kuwa gasa kake da tsohon faifanka, kuma shi ya riga ka shiga kunnen mutane.

Hajiya ta Banbury: Su ma sun san girman gurbinta, ƙanena. A 2006 masu sauraron BBC Radio 2 suka zaɓi Liege & Lief a matsayin kundin waƙoƙin gargajiya mafi tasiri. Da aka zo Cropredy a 2007, mutum biyar ɗin da suka rage daga masu faifan suka hau dandamali suka yi shi daga farko har ƙarshe. Ba su ba namiji wurin Denny ba, mawaƙiya Chris While suka gayyato ta tsaya a gurbin. Haka a 2022 aka yi Full House gaba ɗaya, Chris Leslie ya ɗauki ɓangaren Swarbrick. Kawu, ba ka dai faɗa mana ba, duk cikin kundin jiya babu wadda ta shige ka?

Kawu Mai Garmaho: Akwai guda. Wadda ke ba da labarin saurayi ɗan ƙodago da ya je kasuwar ɗaukar ma'aikatan gona, ya ga wata yarinya a layi, manomi ɗaya ya ɗauke su, suka yi ta satar kallon juna har lokacin girbi. The Hiring Fair. Sau uku na sa jikana ya mayar da ita. Muryar Nicol ta zauna mata daram. Na ɗauka sabuwa ce suka saka a tsakiya.

Hajiya ta Banbury: Ba sabuwa ba ce Kawu. Mawaƙi Ralph McTell ne ya rubuta musu, tana cikin Gladys' Leap na 1985, kundin da suka dawo da shi bayan watsewa. Shekararta 27 lokacin da suka sake ɗaukarta, kuma masoya ne suka zaɓe ta kamar yadda suka zaɓi su Matty Groves.

Kawu Mai Garmaho: Ikon Allah. Ni tun da na dawo gida a tsakiyar shekarun 1970 labarinsu ya yanke mini, ashe akwai shekaru masu yawa da ban ji ba. To ba don sun maimaita ta ba da har in mutu ban san da ita ba, wannan na karɓa. Ɗana, ka turo wa jikana ta 1985 in ji yadda Nicol ya rera ta da sauran ƙuruciya. Amma Fotheringay ta 2012 na ce masa ya cire ta daga wayar, ta Sandy zan ci gaba da ji.

Ɗan Jita: An gama Kawu, bayan sallar isha'i zan turo, har da Red and Gold, ita ma McTell ne ya rubuta, a kan yaƙin da aka gwabza a gadar Cropredy a 1644.