Abin da aka tsayar kan haruffa masu ƙugiya a shafukan intanet

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan yadda ɓ, ɗ da ƙ ke komawa akwati ko alamar tambaya.

1. Kowa ya yarda a sa UTF-8, wato tsarin da kwamfuta ke adana haruffa da shi, a shafin da kuma rumbun bayanansa. In sun saɓa, "ƙasa" sai ta fito da tarkacen alamomi.

2. Akwatin nan kuwa laifin salon haruffa ne, da yawa ba su da masu ƙugiya. Wani lokaci ka ga ƙ ta fi maƙwabtanta kauri a tsakiyar kalma, domin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta aro ta daga wani salon. An fi yaba Noto Sans da Andika.

3. A gwada a Chrome da Firefox da Safari, sannan a ƙaramar wayar Android. Opera Mini in tana tsananin tsimin data ba ta sauke salon da ka zaɓa.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce a daina sa ƙugiya, tunda masu bincike a Google ba sa buga ta. Wasu suka ƙi, kuma ina tare da su: kafa daban, ƙafa daban.

5. 'Yan'uwa na Nijar sun tunatar a duba ƴ, ita suke rubutawa maimakon 'y.