Faifai biyu a rautar gida: kariya ce ko ɓarnar kuɗi?

Injiniya, Gusau: Salamu alaikum jama'a. Tsohuwar kwamfutar ofis na mayar rauta da katangar tsaro ta gida, na ɗora mata pfSense, manhajar da ke yin wannan aikin. Wajen ɗorawa na zaɓi ZFS, wani tsarin ajiye bayanai a faifai, na haɗa faifan SSD biyu sunka zama tagwaye: abin da anka rubuta ga ɗaya, nan take a rubuta shi ga ɗayan. Ni a ganina duk mai irin wagga rauta ya kamata ya yi haka.

Mai Sola, Kaura Namoda: Wa alaikumus salam. Injiniya, da girmanka, ban yarda ba. Me ke cikin faifan rauta in ba saiti ba? Saitin pfSense kaf yana cikin fayil guda, config.xml. Kwafe shi a filash ka jefa aljihu. Faifai ya mutu, ka sake ɗorawa, ka mayar da saitin, shi ke nan. Kuɗin SSD na biyu gara ka cika ka sayi UPS, batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke.

Injiniya: Kai kullum kana gida, shi ya sa. Bara ina Talata Mafara wurin aiki faifan ya mutu. Uwargida ta kira ta ce fitilar akwatin na ci amma ba intanet, allon kuma ya tsaya kan wani baƙin rubutu. Kwana huɗu yara ba karatu, kyamarar ƙofa ban iya gani daga waya. Wa zan koya wa ɗora pfSense ta waya? Filash ɗin ma yana aljihuna.

Malam Babba, Gusau: Hujjarka ta kama hankali, amma bari in ja hankalinka. Faifan nan biyu uwarsu ɗaya wajen wuta. An taɓa kawo min kwamfuta shago bayan wuta ta dawo da ƙarfi. Ina buɗe murfi warin ƙuna ya buge ni, faifai biyun da ke ciki ba wanda ya tsira. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Sannan tagwaye ba ajiya ba ne. Ka kuskure doka ɗaya a saitin katangar tsaro ka kulle kanka waje, kuskuren ya shiga duka biyun. In kuma kamfani ɗaya ne ka saye su rana ɗaya, rubutu ɗaya suke sha, tare suke tsufa.

Auta: Baba Malam, ni gmirror na ji ana faɗa. Ba shi ne wannan ba?

Malam Babba: A'a, ɗana. Shi ma hanyar yin tagwayen faifai ce a FreeBSD, babbar manhajar da aka gina pfSense a kanta, amma ya fi ZFS tsufa, da tsohon tsarin ajiya na UFS aka saba haɗa shi. Wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, in ta dawo sai ya hau kwafe faifai ɗaya kan ɗayan tun daga farko. Mu da ake ɗauke wa wuta sau nawa a yini, ka ga wahalar da faifan za su sha. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Sabon wuri yake rubutawa, sai ya gama ya koma amfani da sabon. Tun pfSense 2.6.0 ta 2022 shi ne zaɓin farko wajen ɗorawa. Wannan alherin kuwa ko da faifai ɗaya kana samunsa.

Injiniya: Amma Malam, da faifai ɗaya ZFS zai gane bayani ya lalace ne kawai. Da biyu zai ɗauko mai lafiya daga ɗan'uwansa ya gyara.

Malam Babba: Wannan gaskiyarka ce.

Mai Sola: To na ji, ga mai yawan tafiya akwai amfani. Amma "duk mai rauta" ɗin nan ka janye shi. Kuma ta yaya za ka san ɗaya ya mutu? Rauta za ta ci gaba da aiki lafiya lau, kai kana ganin kana da biyu alhali wata uku ke nan kan ɗaya kake.

Injiniya: Duk Juma'a nakan buga zpool status, umarnin da ke nuna lafiyar faifan. In na ga DEGRADED na san ɗaya ya tafi. "Duk" kuma na janye, amma nawa ba ni cirewa.

Malam Babba: Ka taɓa zare faifan farko ka kunna, ka ga ko BIOS, mai tada kwamfutar, zai tashi daga na biyu?

Injiniya: Wallahi ban gwada ba. Yau bayan isha'i in sha Allahu zan zare shi, in turo muku hoton allon.