'Yar firintata ta hannu tana mayar da "kuɗi" Sinanci, wane saiti zan taɓa?

Mai Kai Saƙo:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san kan na'urori ku kawo mini ɗauki, abin nan ya fara cin raina.

Yau mako biyu da na sayi 'yar ƙaramar firinta ta hannu, irin mai batir da ake maƙalawa a ƙugu, wadda ba a sa mata tawada, zafi ne ke fito da rubutun. Takardarta mai faɗin milimita 58 ce. Sana'ata kai kaya, in na miƙa wa mutum kayansa sai in bugo masa rasit nan take daga wayata, Android ce, ta Bluetooth. Wajen haɗa su ban sha wahala ba: na sa 0000 ta ƙi, na sa 1234 ta karɓa.

Inda gizo ke saƙa shi ne rubutun Hausa. Da Hausa na tsara rasit ɗin, a ƙasansa na sa "Jimillar kuɗi". A fuskar waya tsaf yake. A takarda kuwa sai ka ga "ku", sai wani harafin Sinanci mai ƙafafu barkatai, sannan "i". Haka take yi wa "huɗu" da "ƙarami" da "baƙi", duk inda harafi mai lanƙwasa ya faɗo. Jiya wani dattijo ya ɗaga rasit ɗin sama, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Yaro, da kai na yi cinikin nan ko da Sinawa?"

Ban da wannan, lambobin da ya kamata su tsaya a gefen dama zubowa suke yi layin ƙasa. Ko layin da na ja don raba kaya da jimilla, ɗaya da rabi yake fitowa. Da yamma kuma rubutun sai ya yi fari-fari kamar an wanke shi. Ɗan littafin da ya zo cikin kwali bai ce uffan a kan ko ɗaya ba. Firintar ce jabu, ko ni ne ban iya saiti ba?

Ɗan Sauri:

Wa alaikumus salam. Abokina, kar ka wahalar da kanka. Rubuta kudi, hudu, karami, kowa zai gane. Ni haka nake yi tun bara, ba wanda ya taɓa dawo mini da rasit.

Mai Kai Saƙo:

Na gode, amma na gwada na sha kunya. Na rubuta "kaya ɗaiɗai" ba lanƙwasa, ya koma "kaya daidai", mai kayan ya riƙe takardar a matsayin shaidar cewa komai ya cika. In da hanyar da harafin zai fito yadda Allah ya yi shi, ita nake nema.

Tsohon Bakanike:

Ɗana, firintarka ƙalau take. Kafin ka taɓa komai, bar ta ta faɗa maka saitinta da bakinta. Kashe ta, danna maɓallin da aka rubuta FEED ka riƙe, ka kunna ta kana riƙe da shi, in ta fara motsi ka saki. Yawancin ire-irensu haka suke bugo takardar gwajin kansu: sunan Bluetooth, lambar haɗawa, yawan ɗigo a layi, ƙarfin zafi, da teburin haruffan da take kai. Wannan 'yar takarda ta fi littafin kwalin amfani nesa ba kusa ba. Ka ɗauki hotonta da waya, don ita ma gogewa za ta yi.

Zubowar layi ita ce mai sauƙi. Takarda 58 ce, amma kan da ke ƙona rubutu milimita 48 kawai yake ci, ɗigo 8 a kowace milimita, ɗigo 384 ke nan a layi. Harafin da take tashi da shi faɗinsa ɗigo 12, tsawonsa 24. Raba 384 gida 12, haruffa 32. Ta kan tebur mai takarda 80 ɗigo 576 gare ta, haruffa 48. Ka ce layinka ɗaya da rabi yake fitowa. To ai 48 shi ne 32 da rabinsa. Manhajarka ce ke zaton mai 80 ce a gabanta. Shiga saitin manhajar, ba na firintar ba, ka mayar da faɗin takarda 58, ko haruffa 32 a layi. In sunayen kayanka dogaye ne akwai ƙaramin harafi da suke kira Font B, mai faɗin ɗigo 9, yana ba da 42 a layi, sai dai masu ido irin nawa za su yi maka tsiya.

Sai maganar Sinanci, wadda take buƙatar ka ɗan zauna. Waɗannan na'urori da yaren umarni na ESC/POS suke aiki, wanda kamfanin Epson ya ƙirƙiro wa firintocin rasit, sauran kamfanoni suka bi sahu. A wannan tsari ba siffar harafi waya ke aikawa ba, lamba take aikawa, firinta ta duba teburin da ke cikinta ta zaro siffa. Daga a zuwa z lamba guda-guda ce, kuma duk teburan sun yi ittifaƙi a kansu. Amma ɗ, a tsarin UTF-8 da wayoyi ke amfani da shi, lamba biyu ce, C9 da 97. Shi kuma ƙ, C6 da 99. Da yawa daga cikin ƙananan firintocin nan a Sin ake ƙera su, kuma suna baro masana'anta a kan teburin Sinanci, GBK ko GB18030, inda lamba biyu a jere ke ba da harafi ɗaya. Ta ga C9 97, ta ɗauko maka wanda ke zaune a wannan gurbi. A nata lissafin ba ta yi laifi ba.

Ana iya kashe Sinancin da manhajar saiti ta masu firintar, galibi a kwamfuta ta igiyar USB. Amma kar ka yi saurin murna. In ka mayar da ita CP437, tsohon teburin kwamfutar IBM ta 1981, ɗ zai fito ╔ù, ƙ kuma ╞Ö. Ka koma CP850, ko 858, ko 1252, duk na harsunan Yammacin Turai ne: akwai é, akwai ñ, akwai ü, amma ɓ da ɗ da ƙ babu su a ko ɗaya. Ni da kaina na taɓa raba dare ina bin teburan nan ɗaya bayan ɗaya, sai da na cinye naɗi biyu na takarda kafin na haƙura.

Abin yi shi ne ka hana firintar zaɓen harafi gaba ɗaya. Nemi inda manhajarka ta ba da damar bugawa a matsayin hoto. Wasu Image suke rubutawa, wasu Graphic, wasu Bitmap. Waya ce za ta zana rasit ɗin da nata haruffan, ta tura shi ɗigo-ɗigo. Ita firinta ba ruwanta da ɗ ne ko ajami ne, ƙonawa kawai take yi.

Mai Kai Saƙo:

Baba, Allah ya ƙara girma. Takardar gwajin ta fito, ga 384 ɗin nan, ga GB18030 ƙuru-ƙuru kamar yadda kuka faɗa. Na mayar da faɗi 58, lambobi sun koma mazauninsu. Na kunna bugun hoto, wallahi sai ga "kuɗi" da lanƙwasarsa, har na tsaya ina kallonsa.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Yanzu tafiyar hawainiya take yi, tana bugawa tana tsayawa, kuma in rasit ya yi tsawo sai ta kai tsakiya ta fara aman alamomi marasa kai. Garin taɓe-taɓe kuma ban san me na danna ba, duk bayan bugu sai ta zubo farar takarda kusan kamu ɗaya kafin ta yi shiru tana ƙyafta jar fitila. Ƙanena ma ya so ya gwada da iPhone, sunanta bai fito masa ba sam.

Maman Biyu:

Ƙanena, sauran na bar wa Baba, ni dushewar rubutun zan taɓa, don na sha fama da ita. Ka lura da yamma ka ce take yi. Batir ne. Kan firintar wuta yake zuƙa ya yi zafi, in caji ya ja baya zafin ba ya kai yadda zai baƙanta takarda. A saiti akwai Density, wato kaurin baƙin. Ƙara shi mataki ɗaya, kar ka kai shi ƙarshe, don yana ƙara shan batir, kuma rubutu yakan yi jirwaye, 8 ta yi kama da 0. In kana da wani tambari baƙi ƙirin a saman rasit, cire shi ko ka mayar da shi zane siriri. Nawa da na cire, sai cajin ya fara kai ni dare.

In kuma farin layi kake gani daga sama har ƙasa a wuri guda, wannan datti ne a kan. Kashe ta, bari ta huce, ka goge siririn layin nan da ke ƙarƙashin murfi da auduga da ɗan sifirit, ya bushe kafin ka rufe. Kar ka kuskura ka kai masa allura ko reza.

Takardar ma fuska ɗaya ce mai magani. Ja farce a kai da sauri: inda ya bar baƙin zane, nan ne zai kalli kan. Wata rana na juya naɗin, na yi ta buga fari fat ina zagin na'ura. Kuma kar ka bar naɗin a rana ko cikin mota mai zafi, yakan yi toka-toka tun kafin a buga. Wanda zai adana rasit ya daɗe, ce masa ya ɗauki hoto. Ni dai ba na bari yara su yi wasa da takardar ko su kai baki, saboda sinadarin BPA da ake sa wa wasu takardun. Tarayyar Turai ma ta taƙaita shi a irin wannan takarda tun Janairun 2020.

Tsohon Bakanike:

Hajiya ta gama magana a kan zafi, ba ni da ƙari.

Nauyin tafiyar kuwa kuɗin lanƙwasarka ne kake biya. Layi guda na rubutu lamba 32 ne waya ke turawa. Shi wannan layi in ya zama hoto, kowane jerin ɗigo 384 lamba 48 ne, tunda lamba ɗaya ɗigo 8 take ɗauka, sau 24 na tsawon harafi, 1,152 ke nan. Ninki 36. Ma'ajiyar da ke cikin firintar 'yar mitsitsiya ce. In waya ta yi mata ɗura fiye da yadda take haɗiya, wasu lambobi su zube, sai ta rasa inda hoto ya ƙare, ta ɗauki ragowar a matsayin haruffa. Aman da ka gani ke nan. Duba manhajar ko tana da wurin sa ɗan jinkiri tsakanin aike da aike, ko rage girman abin da take turawa a lokaci guda. Rage kuma fararen layuka a rasit ɗin, don a hoto ko fari sai an aika shi.

Sannan ka duba ta wace ƙofa ka shiga. Da yawansu Bluetooth iri biyu gare su, wani lokaci har suna biyu suke nunawa: tsohon, wanda ake kira SPP, da mai tsimin wuta, BLE. Shi BLE in ba a daidaita shi ba lamba 20 kacal yake ɗauka a kowane aike. Kai mai Android ka kama tsohon, ya fi sauri wajen hoto. Ƙanenka kuwa dole BLE, don iPhone ba ta buɗe SPP ga na'urar da ba ta da shaidar MFi ta Apple. Shi ya sa bai gan ta a jerin Bluetooth na waya ba. Daga cikin manhajar bugawa zai neme ta. Kai ma in wata rana manhaja ta daina ganinta, daga Android 12 zuwa sama sai ka ba ta izinin na'urorin kusa, a tsofaffin kuma izinin wuri.

Farar takardar da take zubarwa: ka jefa ta yanayin lakabi ne, wanda suke rubuta Label ko Black mark. Tana jan takarda tana neman giɓi ko baƙin tabon da ke raba lakabi da lakabi, naɗinka kuwa ba shi da ko ɗaya, sai ta gaji ta kunna jar fitila. Mayar da ita Receipt ko Continuous, ka sake bugo takardar gwaji ka tabbata ya zauna. Na ce ka tabbata ne don manhajoji da yawa suna fara kowane rasit da umarnin ESC @, wanda ke mayar da firinta kan saitin da ke ajiye a cikinta. Duk canjin da ba a adana ba, nan yake mutuwa.

Af, Ɗan Sauri, kai ma ba ka tsira ba. Wasu allunan rubutu na waya suna mayar da alamar da ke cikin "'ya'ya" ko "sana'a" mai lanƙwasa, ita kuma lamba uku ce. A CP437 ΓÇÖ take fitowa.

Ɗan Sauri:

Kai! Ashe abin da ke ɓata mini "na'ura" ke nan, ni ina ta ɗora wa takarda laifi. To Baba, tawa manhajar na bincike ta ciki da bai, babu zaɓin hoto. In na ɗauki hoton fuskar wayar na buga shi fa?

Tsohon Bakanike:

Zai yi, in akwai manhajar da za ta tura mata hoton. Amma ka yanke gefe da gefe, rubutun ya cika faɗin, don duk girman hoton matse shi za a yi ya koma ɗigo 384, ƙananan haruffa su dagule. Kuma ka fitar da wayar daga baƙin allo tukuna. In ka buga farin rubutu a kan baƙi, kafin rasit uku kan ya yi zafi ta tsaya, batirin kuma ya tafi.